Bencin Kusa da Taga

Ranar Asabar da hantsi, duk wanda ya bi ta bayan cocin zai ji ƙara iri biyu: shar-shar ɗin tsintsiya da ƙwas-ƙwas ɗin guduma. Tsintsiyar ta Mama mai shara ce, gudumar kuma ta Baba Kafinta.

Baba Kafinta ba ya waƙa. Yana saurayi ya taɓa shiga ƙungiyar mawaƙa, shugabansu ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ya ba ka murya, amma ta kiran awaki ce." Karatun Littafi Mai Tsarki kuwa da ƙyar yake haɗa baƙi, baikon kuɗin da yake bayarwa a coci ma bai taka kara ya karya ba. Sai ya ce wa Allah, to, ga hannuwa. Tun daga nan bencinan cocin suka zama nasa.

Yana da yadda yake aikinsa. Ba ya duba benci da ido. Zama yake yi a kai, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya kasa kunne. Wanda ya yi ƙara ya kwantar da shi ya ɗaure masa ƙafa. Sannan ya bi saman katakon da tafin hannu a hankali, ko akwai kan ƙusa da zai yaga zanen wata. Da yake kowa a cocin yana da wurin da ya saba zama, hannunsa na kaiwa wurin mutum sai ya ambaci sunansa a gaban Allah. Nan mai kanti yake zama, wanda ɗansa ya bar gida. Nan malamar makaranta, mai ciwon baya. Kafin ya kai layin ƙarshe ya yi wa ikilisiya duka addu'a, ba wanda ya sani.

Mama mai shara takan jingina da tsintsiya ta ce, "Baba, yau ma da katako kuke hira?"

"Shi ba ya katse ni."

"Ai ba ya amsa muku kuma."

"Ke da kike amsawa, me na ƙaru da shi?"

Sai ta yi dariya ta ci gaba da shara. Sau da yawa iyakar maganar da yake yi da mutum a makon ke nan.

Benci ɗaya ne yake daɗewa a kansa, na kusa da taga. A ƙarshensa matarsa take zama saboda ba ta son zafi, har katakon wurin ya yi santsi. Tun da ta rasu, ranar Lahadi yakan zauna ya bar mata gurbin, ya ɗora hularsa a wurin. Ɗakinsa ɗaya ne, a layin da ke gaban wani ƙaramin asibiti: gado, akwatin kayan aiki, kofi biyu a kan tebur, ɗaya ya daɗe a kife. 'Yarsa tana aure a gari mai nisa, takan bugo waya bayan sujada idan layi ya yarda.

Wata Asabar yana durƙushe yana cire ƙusa, Fasto ya shigo. Matashi ne mai ladabi, ya tsuguna kusa da shi.

"Baba, sannunku da aiki. Albishir na kawo. Wani ɗan'uwa ya ba mu kyautar kujerun roba."

"Madalla. Na baƙi?"

"Na kowa, Baba. Bencinan nan gara ta fara cin wasu, kuma ba sa ɗaguwa. Kujera kuwa a tashi sujada a jera ta gefe, yara su sami fili su yi ajinsu. Ku ma ku huta haka nan."

Baba Kafinta ya dubi ƙusar da ke hannunsa. Ya ce, "Gajiya na ce maka na yi, Fasto?"

"A'a, Baba, amma shekaru..."

"To. Allah ya saka wa mai kyauta."

Maganar Fasto gaskiya ce, shi ma ya sani. Shi ya fara ganin garar.

Asabar da ta biyo bayan zuwan kujerun, ƙafarsa ta kai shi cocin ba tare da shawararsa ba. Ya tarar da fili fetal, kujeru farare an ɗora su kan juna a lungu. Ya zaro ɗaya ya zauna. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Shiru. Ya shafa ta, ba ƙusa, ba tsagi.

"Wannan ta wa ce?" ya tambayi Mama mai shara.

"Ta wanda ya riga ɗauka."

Ya rufe ido zai fara addu'a, sai sunayen suka watse masa. Ya kama mai kanti, malamar makaranta ta kuɓuce. Ashe hannunsa ne yake riƙe da su, ba kansa ba. Ya mayar da kujerar, ya ɗauki jakarsa bai ko buɗe ta ba.

"Baba, ba ku tsaya mun yi faɗanmu ba?"

"Wani makon," ya ce. Bai koma ba.

Ranar Lahadi 'yar ta bugo. Muryarta tana zuwa tana yankewa.

"Baba, na ji muryarku wani iri. Ku dawo wurinmu mana, ga ɗaki."

"In yi me a can?"

"Ku huta."

"Ke ma?"

"Me kuka ce? Baba, ba na ji..."

Layin ya mutu. Ya daɗe riƙe da wayar. Sannan ya ce da ƙarfi, kamar mai magana da maƙwabci ta kan katanga, "Ubangiji, abu ɗaya nake da shi, na ba ka. Yanzu ba a so. Me zan ba ka kuma?"

An tara bencinan a bayan coci, ruwa yana dukansu. Fasto ya aiko masa cewa ya ɗauki wanda yake so kafin a raba wa masu neman itace. Ya je ya tono na kusa da taga daga ƙasan tarin, ya ɗora a baro, ya turo shi gida yana tsayawa yana hutawa. A ƙofar ɗaki bencin ya ƙi shiga. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, tsawonsa ya fi ɗakin. Ya ɗauko zarto, ya ɗora haƙoransa a tsakiyar katakon, hannunsa ya ƙi ja. Ya bar shi a waje jikin bango, ya shiga ya rufe ƙofa.

Da safe tari ya tashe shi. Ya leƙo. Masu jiran a buɗe asibiti sun yi layi a tsaye kamar kullum, amma yau mutum uku suna kan bencinsa. A ƙarshe, daidai wurin da ya yi santsi, wata mai tsohon ciki ce ta zauna ta miƙe ƙafafu da suka kumbura. Tana ganinsa ta yunƙura za ta tashi.

"Ku yi haƙuri, Baba, ban san da mai shi ba."

Ya dubi wurin, ya dube ta.

"Zauna, 'yata. Mai wurin ba za ta damu ba."

Ranar nan ya koma wurin Fasto ya ce yana son duk bencin da gara ba ta taɓa ba. Mama mai shara ta riƙe masa baro tana mita, wai tsoho ya rasa abin gado sai katako. Ya jera su jikin bangon, inda inuwa take kaiwa har azahar.

Yanzu ranar Asabar a bakin titi yake aikinsa. Ya zauna, ya karkata, ya kasa kunne, ya bi katako da tafin hannu. Bai san sunan kowa ba, kuma yawancinsu ba sa dawowa. Sai ya ce wa Allah, "Mai tarin nan da ya zauna a nan. Yarinyar da ta yi ta kuka a nan. Kai ka san su." Mai cikin ma bai sake ganinta ba, amma har yau yana ambatonta.

Da yamma idan asibiti ya rufe, layin ya yi tsit, yakan fito da kofinsa ya zauna a bencin kusa da taga, ya ɗora hularsa a gurbin. Jiya da ya jingina, ƙafar bencin ta yi ƙara kaɗan. Ya ajiye kofin ya shiga ɗauko guduma.