Tsayuwar Malam Sabo a mashigin Surko

Duk mai sammakon zuwa kasuwar Birnin Kudu ta hanyar Surko ya san abin da zai tarar a bakin mashigi. Dattijo ne a kan yashi, ya buɗa ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa kamar wanda ya hau dokin da ba a gani, hannu a ƙugu, ido a kan ruwa. Ba abin da ke motsi sai numfashinsa. Malam Sabo ke nan, mai ƙetarar da mutane, wanda bana 'ya'yansa suka ce ya huta haka nan. To, kafin ya hutan, bari a ji labarinsa.

Jama'a, Sabo matsoraci ne, kuma na san ba zai ji haushina ba. Yana ƙarami rafin nan ya ci yayansa Iliyasu a gaban idonsa. Tun daga ranar, ko randa ya leƙa sai gabansa ya faɗi. Hadari na haɗowa jikinsa zai hau ɓari.

Zamanin Udoji, da samari suka ɗunguma Kano, shi ma ya bi, ya samu aiki a wani kamfanin kwanuka. Akwai wani tsoho ɗan Caina a wurin da ke kunfu da safe, irin faɗan nan na silima. Sabo ya roƙe shi ya koya masa, a zatonsa in ya iya tsalle da hauri tsoro zai sake shi. Ina! Tsayuwar nan kawai tsohon ya sa shi. Cinyoyi su yi zafi kamar an zuba barkono, tsoho ya zo ya taɓa shi da yatsa, Sabo ya zube. Sai ya nuna masa ƙirji ya girgiza kai, ya nuna ƙasan cibiya. Wato ya sauke numfashinsa can. Haka aka kwashe watanni, ko naushi ɗaya ba a koya masa ba.

Da ya dawo gida, mahaifiyarsa Dada ta same shi a bayan rumbu a ƙame. "Wayyo ni, iskokin birni sun shafe min ɗa!" Ta rugo da kaskon hayaƙi. Shi kuwa Ɗanbala mahauci, gwanin dambe, a kasuwa ya tare shi.

"Kai Sabo, an ce ka koyo faɗan Caina. Ɗaure hannu mu gani."

"Ni tsayuwa kawai na koyo."

"Tsayuwa? Ai jakina ma ya iya!"

Ranar da nake son ba ku labarinta, tsakiyar damina ce. Nan ko yayyafi ba a yi ba, ashe an tafka ruwa can wajen Gwaram. Mata masu tallan nono suna tsakiyar mashigi da hantsi, ruwa iya gwiwa, sai aka ji rugugi. Kafin a ce me, jan ruwa ya iso da karare da rassa. Na gaba suka fita da gudu. Wata mai suna Turai ta rage, da jaririyarta Safiyatu a baya. Ƙwarya ta tafi, ita kuma ta kasa ɗaga ƙafa, sai salati take.

Ɗanbala da ke kusa ya faɗa ruwan da ƙarfinsa, ruwa ya kwashe masa ƙafafu, da ƙyar ya kama saiwa. Sabo na bakin gaɓa, zai je gona, da sandar gora a hannu. Waɗanda suka gani sun ce haƙoransa har kaɗawa suke. Daga baya ya ce ba Turai yake gani ba, Iliyasu yake gani. Amma ya shiga. Ya ja ƙafa a yashi, ya sauka, ya kafe, ya ƙara ja, ya ƙara kafewa, har ruwa ya kai masa ƙirji. Wani kututture ya dake shi a haƙarƙari, mata suka ƙwalla ihu. Bai faɗi ba. Ya miƙa gorar.

"Riƙe, Turai! Kar ki kalli ruwa, ni za ki kalla!"

Ta riƙe. Ya jawo su a hankali har gaɓa, sannan ya durƙusa ya yi ta amai yana kuka.

Turai ta ce, "Malam Sabo, ashe ka daina tsoro?"

Ya ce, "Yana nan. Na dai koyi tsayawa da shi."

Washegari da safe aka ga Ɗanbala kusa da shi a kan yashi, ya buɗa ƙafa, cinya na rawa. Sabo bai ko waiwaya ba ya ce, "Ina jakin naka?"

Kai ne, Malam Sabo, turken mashigi. Kai ne ka mai da wurin da ya ci ɗan'uwanka wurin aikinka, damina bayan damina, alhali har yau in rafi ya cika tsoron na nan. Safiyatu ga ta nan da jikoki, da gorarka ta tsira tana jaririya. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwoyin nan lafiya.

Ku kuma masu cewa kun wuce shekarun koyo, ko tsoro ya yi muku yawa, ku yi sammako ku je bakin mashigi. An hana shi shiga ruwa, ba a hana shi tsayuwa ba. Yana nan, kuma akwai wuri kusa da shi.