Ranar da Muka Kai Inna Ganin Sabon Gida

Muna idar da sallar asuba muka bar Gulma, ni da Inna, mahaifiyarmu. Ƙanena ya gama gininsa a unguwar masu hali a Birnin Kebbi, yana so ta koma can saboda hawan jinin da ke damunta. Ni kuwa tun rasuwar maigidana ɗaki ɗaya muke kwana da ita. Ban gaya wa kowa ba, amma tun da aka sa ranar zuwa ganin gidan nake cikin fargaba.

A Argungu muka sauya mota. Inna ta sayi busasshen kifi a tasha, wai ba ta shiga gidan ɗa hannu rabbana. Shinkafa ta yi kore shar har Ambursa, ni dai ban ga kyanta ba.

Unguwar ta ba ni tsoro. Katangu dogaye da waya a kansu, titi tsit, ko akuya babu. Sau uku mai keke ya zaga da mu, ba wanda za mu tambaya, sai da wani maigadi ya leƙo ya nuna mana gidan.

Ɗakin da aka ware mata har da bayi a ciki. Ta shafa katifar, ta sake shafawa. Na ce a raina, shi ke nan, za ta zauna.

Da rana ƙanena ya kai mu wani babban kanti. Albasa huɗu a leda, an manna musu kuɗin da zai cika kwano a garinmu. Inna ta juya su, ta ajiye a hankali kamar ƙwai. A gidan cin abinci aka kawo soyayyiyar shinkafa da cokali mai yatsu, ta nemi ruwan wanke hannu. Ni loma biyu na iya yi.

Nan ya tambaye ta, “Inna, yaushe za a kwaso kayanki?”

“Gida ya yi kyau, Allah shi yi albarka,” in ji ta. “Amma in na hwaɗi cikin ɗakin ga kuna wurin aiki, wa ka ji na?”

“Sai a ɗauko mai aiki.”

Ta nuna ni da haɓa. “Ina da mai ji na.”

Aka tsaya a kan za ta riƙa zuwa ganin likita duk wata.

Kafin magariba mun iso Gulma, tana barci a kafaɗata. Tafiyar ta nuna mini abin da na ɓoye wa kaina: ba lafiyar Inna nake wa fargaba ba, kwana ni kaɗai nake tsoro. Da safe na gaya mata. Ta ce ta sani.