Kwaɗon Ƙofar Tonton Idi

A Maraɗi, in ji Kaka, a bakin murhu ake tatsuniya. Mu a Greensboro, can ƙasar Turawa, hita muka samu, 'yar ƙarama mai jan ido, a falon gidan hayarmu da ke High Point Road. Bayan magariba takan miƙe ƙafa gabanta ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ƙanena ya ce, "Oke." Ta harare shi, ta ci gaba.

Lokacin Tonton Idi, ƙanen Baba, yana zaune da mu. Ya zo karatu sai taɓin hankali ya same shi. Yakan yi magana shi kaɗai, ya fita ba takalmi cikin sanyi. Ran da wata maƙwabciya ta ce za ta kira 'yan sanda, Baba ya tsorata, don ya san yadda irin wannan kira yake ƙarewa da baƙar fata. Ya fara kulle Tonton a ɗaki ta waje duk sanda zai tafi aiki. A gida da Turanci muke kiran abin kullewar, ban san sunansa da Hausa ba.

Wata yamma Baba yana cin tuwo kafin ya fita, Kaka ta kawo sabuwar tatsuniya. Wai wani mutum ne kansa ya juye, 'yan'uwansa suka ji tsoron abin da gari zai yi masa, suka sa shi a bukka, suka ajiye kwaɗo a ƙofa ya yi gadi. Kwaɗon nan ba ya ci, ba ya barci, ba a taɓa mai gadi irinsa ba. Rannan suna gona, wuta ta kama jinka. Mutumin ya ce, "Kwaɗo, buɗe mini." Kwaɗo ya ce, "Ni ba na jin maganar na ciki." Ko da suka dawo, toka suka tarar, kwaɗo kuwa yana nan a ƙofa lafiya lau.

Na yi dariya, don ni kwaɗon ruwa na sani. Na ce, "Kaka, ya tsallake shi mana."

Ta ce, "Tambayi ubanki, 'yar boko." Ba ta dubi Baba ba, ba ta kuma rufe tatsuniyar da ƙurunƙus ba. Baba ya tsame hannu daga tuwon.

"Inna, in ya fita suka harbe shi fa?"

"In za a tsare mutum, a sa mai kunne," in ji ta. "Ni na haife shi, ni zan zauna."

Washegari Baba ya kwance ƙarfen ƙofar, ya kai Tonton asibiti, aka ɗora shi kan magani. Kaka ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ɗakin. In ya tashi fita, sai ta yafa mayafi, ta ɗauki takalmansa ta bi shi.

Sai da na girma, na je Maraɗi, na ji wani mai shago yana ce wa yaronsa ya kawo kwaɗo a kulle ƙofa. Na tsaya cak a kasuwa. Ashe ba mu aka yi wa tatsuniyar ba, Kaka ba ta so ta kunyata ɗanta a gaban 'ya'yansa ne. Tsoron Baba gaskiya ne, ban taɓa zarginsa ba.

Kaka ta rasu. Tonton Idi yana East Greensboro, yana shan maganinsa. Makullin ɗakinsa yana aljihunsa.