Ranar da na zare makulli mota ta ƙi mutuwa

Assalamu alaikum Edita. Ni tsohon direba ne daga wani ƙauye a ƙasar Ruma, kuma lokacin da abin nan ya faru ina cikin manyan masu ilimin garinmu, tunda sai da na kai aji huɗu a firamare kafin mahaifina ya ga shanun huɗa sun fi malamai bukatata. Da aji huɗun nan nake karanta wa mutane katin asibiti, da shi nake gyara wa mai karanta labarai a rediyo Turancinsa. Ina da wata a-kori-kura mai shan gas, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta girmi 'ya'yana biyu. Ita ke kai matan garin kasuwar Batsari ta maido su, don ban da ita ba motar da ke keta yashin rafinmu da lodi.

Kowa ya san halin da hanyarmu ta shiga. Da an haye rafin akwai inda daji ya matso har bakin hanya, nan mutanen daji kan ɓullo bisa babura. Duk sanda muka iso wurin hira takan mutu a bayan mota, sai motsin leɓɓa. Motata kuwa in ta ɗauki kaya, jaki mai zuciya zai iya yi mata rakiya. Abin ya tsaya mani a rai. Sai na ji direbobi a tasha suna cewa in aka ɗaure tobo aka ƙara buɗe famfon mai, tsohuwar mota kan koma budurwa. Tobo, ga wanda bai kai aji huɗu ba, wata 'yar farfela ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta dinga ɗura wa injin iska. Iskar kan yi zafi, shi ya sa aka yi mata wani ƙaramin lagireto a gaba don ta huce kafin ta shiga. Ni kuma tun farkon kaka na ɗaure wa gaban motar buhu saboda ƙaiƙayi da ƙarangiya, ina ganin na yi dabarar da Bature bai hango ba.

Na tafi Safana wurin wani bakanike, wanda ɗan gwaggona ne, wato taubashina. A nan kuskurena ya soma. Ya zare robar iska ya sa yatsa, ya fito da shi baƙi ƙirin, ya ce tobon nan tuni ya fara yoyon baƙin mai, in aka matsa masa zai saki gaba ɗaya. Ya ga buhun ya tambaye ni ko sanyi motar ke ji da na sa mata bargo, ya ce na toshe wa iska hanyar hucewa. Ya ce shi ba zai ɗaure ba, ni da motar duk mun tsufa, tsoho kuwa in ya shiga tseren yara sai a fara neman alawayyon likkafani. Ya ƙara da cewa ran da ta fara shan baƙin manta da kanta, makulli ba zai kashe ta ba, sai an toshe mata hanci kamar rago. To mutumin da tun muna yara bai taɓa gaya mani magana miƙaƙƙiya ba, wanda ya taɓa aika ni gidan sarkin pawa karɓo naman da babu shi, ta yaya zan gane yau da gaske yake? Na yi dariya na ce masa dama 'ya'yan mata matsorata ne, bayinmu ne tun asali. Na dawo gida na ɗauki sifana na ɗaure abina da kaina, na juya famfon mai son raina. Buhun ma ban cire ba, don kada a ce na ji maganarsa.

Sati uku ina sarauta. Mota na fito kamar shaho, hayaƙi baƙi na bin mu, mata na cewa injiniya ya yi aiki.

Ranar wata kasuwa mun taso bayan la'asar, mai ɗakina a gaba rungume da sabbin kwanonin da ta saya, mata tara a baya, cikinsu har da wata dattijuwa mai sayar da daddawa, uwar maƙwabcina. Na sa giyar yashi na haye rafin da ƙarfi. Muna shiga wurin nan da hira ke mutuwa, sai injin ya yi wata irin kuwa da ban taɓa ji ba. Na ɗaga ƙafa daga totur, ya ƙara. Na kashe, na zare makullin gaba ɗaya na riƙe shi a hannu ina kallo, motar na ta ihu. Na taka birki na jefa ta babbar giya ko za ta shaƙe ta mutu, kuloci ya yi ƙauri ya saki. Farin hayaƙi ya turnuƙe har ba na ganin madubi. Na ji mata suna salati suna dira ta ko'ina tun mota ba ta gama tsayawa ba. Abin da ya fi razana ni ba fashewar injin ba ne. Na san duk mai kunne a cikin dajin nan ya ji mu, duk mai ido ya ga hayaƙin, ni da kaina na yi shelar cewa ga mata goma a bakin hanya.

Sai maganar taubashina ta faɗo mani. Na buɗe bonet, na fizge robar iska, na cire hulata na cusa. Ta haɗiye ta kamar lomar tuwo. Na tsaya baki buɗe, injiniya ya ƙare. Mai ɗakina, wadda ko aji ɗaya ba ta yi ba, ita ta ture ni ta miƙo murfin kwano tana cewa in kifa, in kifa, tsohon banza. Na kifa shi a bakin bututun, iska ta zuƙe shi har ya loma. Injin ya yi tari, ya girgiza, ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni. Hayaƙin na tsaye bisa itatuwa. Can sai muka ji babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba, suna nufo mu. Mata suka kwanta cikin karan dawa. Na fara jero sunayen mazajen da zan je in gaya wa na kai matansu hannun mutanen daji, in ma na rayu. Mai ɗakina ta riƙe rigata ta ce in yi kalmar shahada, yau ba ranar Turanci ba ce. Suka iso da bindigogi a saɓe, na gaba ya auna ni. Ashe 'yan sa-kai ne na ƙauyen gaba, sun ga hayaƙi sun ɗauka an ƙona mota. Wani cikinsu ya gane sanƙona, tunda hula ta tafi, ya ce a sauke bindiga, tsohon nan ne mai motar da ke fito.

Aka ƙirga mata, aka ga ɗaya ba ta nan. Muka samu mai daddawa a cikin kwazazzabo, ta faɗi wurin dira, ƙugunta ya karye, ta ciji mayafinta don kada ta yi ƙara a ji mu. Tana ganina ta tambaya ko sauran sun tsira.

Washegari taubashina ya zo ya ja motar. Na shirya wa tsiyarsa, na ma tanadi amsa. Ya kwance buhun, ya ninke, ya miƙo mani. Gara da ya zage ni.

Yau dattijuwar da sanda biyu take tafiya, ta bar kasuwa. Ba ta taɓa ɗora mani laifi ba, cewa take ƙaddara ce, amma ni na san hannun da ya riƙe sifana. In ta biyo ta ƙofar gidana takan tsaya ta huta ta ce sannu injiniya, da zuciya ɗaya take faɗi, ni kuma sai in ji kamar ƙasa ta tsage. Shawarata ga 'yan'uwana direbobin hanyar daji: tsoro na sa mutum neman gudu, amma motar da za ta kai ku gida a hankali ta fi wadda za ta yi fito ta ajiye ku a bakin kura. Kada ku ɗaure tobon da ke yoyo, kada ku rufe wa iska hanya, kuma in gaskiya ta zo muku a bakin abokin wasa, ku duba yatsansa kafin ku yi dariya. Murfin kwanon nan yana nan da lomawarsa. Mai ɗakina ta ƙi jefar da shi, da shi take rufe mani tuwo kullum.