Takalma a Ƙofar Falon Baba

Har yau in na ga takalma jibge a ƙofar falon wani babba, sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ka yi mini uzuri, abin yana da tushe.

Ina ɗan shekara goma sha shida lokacin. Baba babba ne a wata ma'aikata, muna zaune a gidan gwamnati a Unguwar Rimi. Kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci, gida ya cika. 'Yan kwangila, ƙananan ma'aikata, da dangin da ba mu taɓa jin labarinsu ba, kowa ya tuɓe takalmi ya zube yana ranka ya daɗe. In Baba ya yi barkwancin da ko gishiri babu, su kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ina jingine da mangwaro, da wandona mai faɗin ƙafa da suma buzu-buzu, ina kallon munafukai. Wallahi na tsane su.

Saboda su na daina durƙusa wa kowa, har da Baba. Da safe sai in tsaya ƙiƙam in jefa masa ina kwana. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Shi bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗan jira, sannan ya amsa. Na san abin da yake jira, na hana shi.

Wanda na fi rainawa shi ne tsohon masinjan ofishinsu, wani Bakatsine mai zuwa daga Mando a keke. Shi tun daga bakin get yake tuɓe takalmi, ya tako tsakuwa.

Sai ga shekarar da aka yi ta sallamar ma'aikata ta rediyo. Da damina ne, muna cin abincin rana aka karanto sunan Baba. Juma'ar da ta biyo, ƙofar falo fayau, ko silifa babu. Baba ya sa babbar riga ya zauna a kujerarsa kamar kullum, furar da Inna ta dama tana ajiye cike da ƙwarya. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Ai dama na faɗa.

Wajen la'asar sai ga masinja, jiƙe sharkaf. Ya jingine keke, ya tuɓe takalmi. Na tare shi na ce, "Baba tsoho, ba ka ji rediyo ba ne? Yanzu babu abin da za ka samu a nan."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, da can me na samu?"

Ya wuce ni ya durƙusa gaban Baba. Baba ya amsa gaisuwarsa, sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya jira. Na ji kunya ta rufe ni, amma taurin kai ya fi ƙarfi. Na koma gindin mangwaro, na ce gobe. Ina ta gobe har Baba ya rasu a gidan haya a Malali.

Ni ma na yi aiki, na yi ritaya, masu zube mini sun watse. Ban yi mamaki ba, tun ina yaro na san irinsu. Ranar Juma'a nakan je kabarin Baba. Gwiwoyina sun daina lanƙwasuwa, salla ma a kujera nake yi. Har yau a tsaye nake gaishe shi.