Safara'u, Mai Kai Abinci Ƙuryar Ɗaki

Kullum kafin ɗalibai su cika harabar jami'a, Dakta Safara'u Gide ta riga ta zauna gaban kwamfuta da kofin kunun gyaɗa, tana lissafin abin da ido ba ya gani. 'Yar Tafoki ce, malamar lissafi, kuma ta daɗe cikin ayarin masu binciken da ke son raya sabon guringuntsi saboda masu ciwon gwiwa. In an zo ɗaukar hoto likitoci ne a gaba, ita tana can gefe, rabin fuska.

Ga yadda aikin yake. Na'ura ce ke ƙera wani ɗan abu mai huji-huji kamar soso, a zuba ƙwayoyin halitta a ciki, a tsoma shi cikin ruwan da ke ciyar da su, a jira su zama guringuntsi. To amma duk gwajin da aka yi, na gefe su yi ɓul-ɓul, na tsakiya su mutu da yunwa. In ta faɗaɗa hujin duka, sai soson ya yi laushi ya lotse. Har shugaban ayarin, Farfesa Harisu, ya ce gwaji ɗaya ya rage. In tsakiya ta sake mutuwa, a rufe aikin, kowa ya kama gabansa.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan su Safara'u. Ta je Tafoki, amma hankalinta na kan soso. Duk kwanon da ya fito daga madafa, matan bakin ƙofa ke tare shi. Mahaifiyarta, Inna Kulu, wadda gwiwa ta zaunar, tana ƙuryar ɗaki da sauran tsofaffi.

"Ke Safara'u," in ji Inna, "mu nan azumi aka ɗora mana?"

"Inna, ai ana ta aikowa."

"Ana aiko ma 'yan bakin ƙofa dai. Waɗannan ko kwanon wofi aka kawo sai sun suɗe shi. Zagaya ta baya ki miƙo mana ta taga, yadda aka saba."

Ta zagaya, ta ɗaga kwanon miya, sai ta tsaya cak: ashe tsakiyar soso ma taga take bukata. Ƙanwarta Hussaina ta ce sai da ta ƙwace miyar daga hannunta, don ta fara zubewa.

Ta koma jami'a ta duƙufa. Ta lissafa saurin tafiyar abinci cikin soson, da yawan abin da na gefe ke cinyewa, ta zana 'yan siraran hanyoyi da ke zarcewa tsakiya kai tsaye ba tare da soson ya lotse ba. Aka ƙera, aka zuba, aka jira. Ranar dubawa Farfesa ya daɗe a kan madubin duba ƙwayoyin halitta bai ɗago ba.

"Dakta," ya ce, "tsakiya na da rai."

Ke ce, Safara'u, mai tunawa da na ƙurya. Ke ce ba ki taɓa yi wa kowa alkawarin ƙarya ba. Da Inna ta tambaye ki yaushe za a sa mata sabon guringuntsin, cewa kika yi, "Da saura, Inna, da saura sosai."

"To ci gaba, ɗiyata," in ji ta. "In ban samu ba, na bayana sa samu."

Har yau a zaune Inna take sallah, amma ba a rufe aikin ba. Mun gode, Dakta, Allah Ya ƙara basira. Ku kuma 'yan matan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ku daina gudun ajin lissafi. Akwai sauran na ƙurya da kwano bai kai gare su ba.