Wainar da Na Ci a Tashar Kankiya

Akwai wani karin kumallo da na yi a Kankiya, kwana biyu bayan Babbar Sallah, wanda ko tsufa ya ruɗa ni ba na jin zan manta da shi. Ba don daɗinshi ba, wainar ma cikinta ɗanye ne. Abin da na ji a kan bencin mai wainar ne ya tsaya mani a wuya har yau.

Ni mai gyaran rediyo da tocila ne a Katsina. Makaranta a aji biyu na sakandare na tsaya, ba ni kuma jin kunyar faɗi. Matata 'yar Dudunni ce, can ƙasar Kusada, ita ce babba a ɗakinsu. Uwarsu, wadda kowa ke ce ma Inna, ɗiya mata uku gare ta, ba namiji, maigidanta kuma ya rasu kafin wannan Sallar da wasu watanni. Ƙanwar matata ta auri wani ma'aikacin ofis, irin mutanen nan da ko masallaci za su shiga sai sun rataya makullin mota a yatsa, don kada wani ya zaci da ƙafa suka zo. Shekara goma sha bakwai ina zuwa gidan nan. Ni na yi masu yaɓen katanga, ni na riƙa ɗaukar tsohon zuwa asibiti har Allah ya karɓi abinshi. Shi ko mai makulli, a shekara huɗun da ya yi, abin da ya taɓa ɗauka a gidan bai wuce hoto da waya ba.

Washegarin Sallah da la'asar muka haɗu da shi can. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa bakin ɗakin Inna, muka gaishe ta tana bayan labule kamar yadda aka saba. Daga nan aka raba mu. Shi aka kai shi shagon baƙi da ke jikin zaure, aka shimfiɗa mashi kafet. Ni aka bar ni a zaure kan tabarma, ina kallon kuloli masu fure suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Shinkafa, soyayyen nama, lemun kwalba, har da cokali a nannaɗe cikin tsumma fari.

Bayan magariba sai ga matata da wani tsohon akushi, baƙi ƙirin, bakinshi ya tsage an ɗaure da waya. Ta aje gabana da hannu biyu.

"Inna ta ce a kawo maka wannan."

Na ɗaga faifan. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Na mayar na rufe.

"Na ƙoshi."

"Malam, ka dai sa hannu, ko loma guda ce."

"Na ce na ƙoshi. Ki kai ma mai cokali, wataƙila ya ɗauke shi hoto."

Ta tsaya kamar za ta ƙara magana, na juya mata ƙeya. Da yunwata na kwana, ina jin ƙamshin man shanu na fitowa ta ƙarƙashin faifan, ina ƙara cika da haushi. Ana sallame asuba na saɓa jakata na fita ko sallama ban yi ba, akushin yana inda aka aje shi. A lokacin ji nake na ƙwaci mutuncina.

Babur ya kai ni Kusada, na daɗe kafin mota ta cika, sai da hantsi ya yi na iso Kankiya. Duk masu abinci suna hutun Sallah, rumfa guda ce a buɗe gefen tasha, ta wata ƙatuwar mata da direbobi ke ce ma Hajiya, ko da yake ba na jin ta taɓa ganin ƙofar jirgi. Benci biyu ne, da tebur mai leda wanda ƙuda suka riga kowa zama. Na ce a zubo mani waina da miyar taushe, a ƙaro romo. Na faɗa ma abincin nan kamar wanda aka sako daga gidan yari.

Wani direba ya ce, "Malam, a hankali, ba gudu wainar za ta yi ba. Kai ba ka yi Sallah ba ne?"

Abin da nake jira ke nan. Na buɗe baki na zazzage masu labarin duka. Na ce ƙauyawan yanzu ba mutum suke gani ba, taya huɗu suke gani. Na kwaikwayi tafiyar mai makulli, suka yi ta dariya. Na ce ni da na yi jinyar tsohonsu, tuwo aka turo mani a wani ruɓaɓɓen akushi wanda ko kaji ba a ba su dusa a ciki. Mutanen tasha ba abin da suke so kamar su ga mutum yana tsiraita gidanshi, sai zuga ni suke.

Hajiya tana juya waina a tanda, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Akushi aka kawo maka? Wa ya tuƙa tuwon?"

"Oho. Ni na tambaya?"

Ta dube ni irin kallon da ake ma wanda ya taka kashi bai sani ba, ta ci gaba da aikinta.

Ana haka mota ta tsaya bakin rumfar. Na ɗaga kai, sai ga mai makulli, shi ma zai koma Katsina. Direbobin suka ga makullin a yatsa, suka fara taɓa juna. Ya yi sallama, ya zauna kusa da ni, ya ce a ba shi koko da ƙosai.

"Yaya, ashe nan ka tsaya. An yi ta nemanka."

"Yallaɓai da kanshi a rumfar talakawa? Shinkafar ba ta isa ba ne?"

Ya kurɓi kokon. Sannan ya ce, a hankali, amma duk rumfar ta ji, "Shinkafar nan matata ta dafa, Yaya. Shekara huɗu ke nan ban taɓa cin abin da Inna ta sa ma hannu ba. Abincin baƙi ake ba ni, a ɗakin baƙi. Akushin da ka bari na Baba ne. Tun da ya rasu yake rataye, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Jiya ta sauke shi da kanta, ta tuƙa tuwon da wannan ciwon bayan nata, ta ce tunda ba ta da ɗa namiji kai ne babban gidan yanzu."

Ina zan san akushin? Suruki ba ya ganin surukinshi yana cin abinci. Shekara sha bakwai ban taɓa ganin tsohon ya kai loma baki ba.

Ya ci gaba. "Na je yi ma Inna sallama da safe aka shigo da akushin. Ta labule na hango ta, ta sa hannu ta juya tuwon. Harshen ragon layya ne a ƙasa, wanda take aje ma Baba duk shekara. Ta dai ce a wanke a mayar inda yake."

Direban da ya fi kowa dariya ya tashi wai zai duba taya. Hajiya ta ce, "Malam, in ƙaro wainar?" Wallahi da gangan ta faɗa. Na bar sauran a faranti na wanke hannu. Mai makulli ya ce in zo ya rage mani hanya, na ce ina jiran wani. Ba wanda nake jira.

Bayan mako biyu na sayi goro na koma Dudunni, na durƙusa bakin labulen na ba da haƙuri. Inna ta ce, "Ba komai, Allah shi yi albarka." Na ji sanyi, na ɗauka magana ta wuce. Da lokacin abinci ya yi, sai aka buɗe mani shagon baƙi. Ga kafet, ga kula mai fure, ga cokali a farin tsumma.

Yau shekara takwas ke nan, duk Sallah shinkafa nake ci a gidan nan. Ba a taɓa yi mani gori ba, ba a taɓa tsallake ni a gaisuwa ba. Bara da zan shiga shagon na iske mutumin nan a zaure kan tabarma, ya naɗe hannun riga, ya aje makullin a ƙasa, hannunshi cikin akushin har wuyan hannu. Har yanzu ba ya burge ni, kuma har yanzu ko bokitin ruwa bai taɓa ɗauka a gidan ba. Amma shi da aka aje mashi, ya ci.

Abin da na koya shi ne, tsofaffinmu ba su faɗa ma mutum da baki cewa sun ɗauke shi ɗa. A kwano suke sa maganar, su rufe, sau guda kuma suke miƙowa. Ni da aka miƙo mani, idona yana kan kular wani. Shinkafa na yi ma fushi, ga ta nan an ba ni, da cokalinta.